Ja da Kore a Tsohuwar Wayata

Akwai sabuwar waya a cikin kwalinta a ƙarƙashin gadona, ko ledarta ban ɓare ba. Autata ce ta aiko da ita daga Legas ta hannun wani direban motar tumatir. Duk baƙon da ya shigo gidan nan, kafin ya gama shan ruwa mai ɗakina ta kai masa ƙarata: an aiko wa tsoho waya sabuwa fil, ya ƙi ta, ya liƙe wa wata mai tsagaggen gilashi wadda sai an ɗaure mata caja da roba kafin ta ci wuta. Ina da dalilina. Tunda a tsakar gida ba a barina in kai ƙarshen magana, bari in rubuta. Aji huɗun da na yi a firamare ba don ado na yi shi ba.

'Ya'yana duk sun watse. Babban yana Legas yana dillancin kayan gwari, ɗaya tana aure a Kaduna, ɗaya yana Kano, sai a waya. Auta kaɗai ce ta je Zariya ta yi karatun kwamfuta, ta kuma dawo Ikara da akwatinta. Muka gyara mata ɗakin da ke kusa da zaure, aka ɗora farantin sola a kan kwano, ta kafa tebur. Da safe in na fito zan tafi gona, sai in ji ƙarar yatsunta a kan maɓallai, kamar kaji suna tsattsagar dawa a faranti. A majalisa in an tambaye ni aikin me take yi, sai in gyara zama in ce, "Umarni take ba na'ura, na'ura tana bi." Ba wanda ya taɓa neman ƙarin bayani, kuma na gode wa Allah da haka.

Aikin nata dai ga shi, yadda na fahimce shi. Ta yi wa manoman yankinmu wata manhaja. In ganyen tumatirinka ya nannaɗe, ko masara ta fara wani ɗigo-ɗigo da ba ka gane ba, sai ka ɗauki hotonsa da waya ka tura. Malamin gona yana zaune a ofis zai gani a kwamfutarsa, ya duba, ya amsa maka da murya. Ba sai ka hau acaɓa daga Paki ka zo ka tarar ya fita ba.

Matsalar ita ce, ashe na'urorin nan akwai yarukan da aka ƙirƙira musamman don rubuta musu umarni, kuma wanda Auta ta rubuta na kwamfuta da shi daban, na waya daban. Duk gyaran da za ta yi sai ta yi shi sau biyu. In ta toshe ɓaraka a na waya, na ofis ya ɓalle. Kamar mutum ne yake noma gona biyu, ɗaya a Paki ɗaya a Kurmin Kogi, da fartanya ɗaya. Yarinya ta rame, har uwarta ta fara zancen a nemo mata rubutu.

Wata safiya a farkon damina ta zo gaishe ni, ta durƙusa ta ajiye mini koko, amma ba ta tashi ba.

"Baba, shawara nake nema."

Na ajiye ludayi. A gidan nan an daɗe ba a nemi shawarata ba, sai dai a sanar da ni.

"Akwai yarukan da in ka rubuta abu sau ɗaya da su, zai yi aiki a waya, ya yi a kwamfuta. So nake in rushe aikin nan in sake gina shi da ɗaya daga cikinsu. Na tace, saura biyu."

"To, ki ɗauki mai kyaun mana."

"Ai nan gizo... nan ne wahalar, Baba. Na farkon ɗan'uwan wanda na iya ne. A ɗakin nan zan koye shi ni kaɗai. Na biyun sabo ne gare ni, kuma waɗanda suka ƙware a kansa wasu ne a Legas. Sun ga aikina. Sun ce in shi na zaɓa, in je mu gina tare, su koya mini."

"Ki je ki kwana nawa?"

Ta dubi tabarma. "Aiki ne, Baba. Zama ne. Yaya ya ce akwai ɗaki a gidansa."

Kokon nan a ranar ban san yadda na gama shi ba. Da a ce ba gidan yayanta za ta zauna ba, da na samu abin riƙewa. Amma babban nawa, Allah ya shirye shi, har fenti ya riga ya yi wa ɗakin.

Nan take na naɗa kaina shugaban kwamitin zaɓen yaren kwamfuta na gidan nan. Ni ne shugaba, ni ne sakatare, ni ne 'yan kwamiti. Na yi gyaran murya na ce mata, "Ke Auta, saurara. Mu manoma in aka kawo mana sabon iri, ba ma ba shi gona gaba ɗaya don mai tallarsa ya iya baki. Kunya biyu muke ja a gefen gona, wannan iri a ɗaya, wancan a ɗaya. Ruwa ɗaya, taki ɗaya, rana ɗaya. Sai mu zuba ido. Wanda ya yi, shi ne zai ci gona baɗi."

Ba don hikima na faɗi haka ba, lissafi na yi. A wurinmu gwajin iri damina guda yake ci. Kuma kowane manomi ya san damina ɗaya ba ta isa shaida, sai an sake, don wata shekarar ruwa yakan yi gardama. Na ce a raina, kafin a yi damina biyu mutanen Legas sun manta da ita, sun samu 'yar wani.

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Wallahi Baba haka ake yi a aikinmu ma. Zan gina ƙarami da kowanne, mu gwada. Abin da ban samu ba shi ne alƙali, ga shi kuma na samu. Duk Ikara ba wayar da ta kai taka tsufa, ba kuma babban yatsan da ya kai naka kauri. Abin da ya yi aiki a hannunka zai yi a hannun kowa."

Na ɗauki wannan a matsayin yabo, har yau kuma ban canza ra'ayi ba.

Kuskurena ɗaya: na zaci abin kwamfuta ma sai ya tsiro, ya yi kara, ya fid da kai. Masarar da na shuka a makon nan ko gwiwata ba ta kai ba, sai ga Auta da wayata a hannu, ta ce an gama. Na ce an gama me? Ta nuna mini wasu ɗigo biyu a fuskar wayar, ɗaya ja, ɗaya kore.

"Ga kunyoyinka biyu, Baba."

"Wanne ne na Legas?"

"Ai alƙali ba ya tambayar wanne ne ɗan gidansu."

Na bi ta hannun uwarta. Na ce ta ɗan bugi cikin yarinyar nan in suna tankaɗe. Mai ɗakina ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, ni ban yi aji huɗu ba, ban iya leƙen asiri ba."

Haka na fara aiki a makance. Koren, kana taɓa shi ya buɗe, kamar yana bakin ƙofa yana jiranka. Jan kuwa sai ya yi shiru tukuna, ya yi tunani, ya tuna iyayensa. Ni kuma ban iya jira ba, sai in sake danna shi, in sake, har wayar ta sandare gaba ɗaya sai an cire batir. Da abin ya ishi Auta, wata rana da hantsi ta karɓi wayar, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta ɗauki muryarta ta saka a cikin Jan, don ta riƙa yi mini magana duk lokacin da na sake dannawa yana cikin buɗewa. Ga abin da muryar ke cewa:

"Baba, don Allah ka yi haƙuri, kar ka sake dannawa. Na san ka. Cire yatsan."

A tsakiyar "na san ka" dariya ta kuɓuce mata. A bayan muryar ana jin taɓaryar uwarta tana daka, da wani jan zakara da muke da shi a lokacin, wanda bai san lokacin cara ba. Ta ce za ta sake ɗauka mai tsabta, na ce kwamiti ya amince da wannan, a wuce wurin.

Daga nan na shiga tsawaita shari'a. Na ce gwajin tsakar gida ba gwaji ba ne, sai an je gona. Muka je gonata ta hanyar Kurmin Kogi, inda sabis sai ka hau kan suri. Koren ya riƙe hoton, da muka fito titi ya tura shi da kansa. Jan ya ce mini in cire yatsa. Na ce to, a nan kusa da gida ne, sai an gwada a ofis. Muka je wurin malamin gona, mai wata kwamfuta da take huci kamar injin niƙa. A kwamfuta kam Jan ya yi rawar gani, kusan kafaɗa da kafaɗa suka tafi. Na ji daɗi ban san dalili ba, don a lokacin ban san wanne ne nawa ba.

A kasuwar Maƙarfi na sani. Na ce dole a gwada a cikin jama'a, a hannun waɗanda ba su san mu ba. Muka shiga motar haya ranar kasuwa, muka sauka wajen 'yan rake. Auta ta samu wani dattijo mai sayar da mazarƙwaila, ta gaishe shi, ta roƙe shi ya gwada. Mutumin nan bai taɓa ganin abin ba. Ya goge hannu a riga, ya taɓa Koren, ya ɗauki hoton ganyen rake, ya tura, duk kafin in gama gyara hulata. Ya ce, "A'a, shi ke nan? Yarinya, sa mini a tawa."

Na dubi Auta. Fuskarta ta haskaka irin yadda take yi tana ƙarama in na dawo daga kasuwa da alewa a aljihu. Sai idonta ya faɗo a kaina, nan da nan ta kawar da kai, ta shiga gyaran mayafin da bai zame ba. Wanda ya haifi mutum ba ya buƙatar a faɗa masa. Koren ne na Legas.

Muka nufi tasha. Ta saya mini rake, na riƙe shi a hannu har Ikara.

Duk da haka ban sallama ba. Na ce saura gwajin tsofaffin mata, don su ma suna noman gyaɗa da kuɓewa a bayan gida, kuma ba a yanke hukunci ba tare da su ba. Muka tafi Kudan wurin yayata, wadda ta goya ni, wadda har gobe in na shiga gidanta sai na cire takalmi tun daga zaure. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki. Auta ta nuna mata abin.

"Gwaggo, taɓa nan."

Yaya ta taɓa Jan. Shiru. Ta sake taɓawa. Sai muryar Auta ta fito tana cewa Baba ya cire yatsa. Yaya ta yi dariya har tana share ido da gefen zane.

"Ai ko na'ura ta san halinka," in ji ta. Ta taɓa Koren, ya buɗe. Ta miƙa wa Auta wayar. "Wannan na biyun shi ne na aiki. Ke 'yar nan, shiga ciki ki duba mini tukunya."

Da Auta ta shige, Yaya ta juyo kaina.

"Gwajin nan naka, sauran gari nawa?"

"Yaya, aikin ilmi ne. Akwai Hunƙuyi, akwai..."

"Rufe mini baki. Kai ba gwaji kake ba, riƙon yarinya kake." Ta gyara zama. "Kai ƙarami ne lokacin, ba za ka tuna ba. Ranar da za a kawo ni garin nan, Baba ya fito ya ce tayar motar ba ta yi masa ba. Aka duba. Ya ce a duba ta baya. Aka duba. Ya ce direban ya ci abinci tukuna, kar ya yi tuƙi da yunwa. 'Yan rakiya suna ta zufa a cikin mota, ni ina lulluɓe ina jin sa. Har rana ta karkata. Daga ƙarshe da ya rasa abin cewa, shi da kansa ya rufe ƙofar motar, ya buga mata hannu. Ka san abin da na riƙe a raina duk shekarun nan? Ba tayar ba. Bugun hannun nan."

Na ce mata wannan tarihi ne, kwamiti kuma da hujja yake aiki. Ta ce in tashi in ba ta wuri kafin ta tuna tana da muciya.

Na sa ranar yanke hukunci bayan la'asar, a zaure. Na sa babbar riga, na ɗora tabarau mai ƙafa ɗaya. Mai ɗakina ta tsaya daga bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, wai shara take. Auta ta zauna a gabana. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Baba, kafin ka faɗa. Na san ka gane wanne ne wanne. In ka ce Ja, Ja zan ɗauka, kuma ba zan riƙe ka a rai ba. Ba wai ba ya aiki ba ne. Nauyi ne da shi a ƙananan wayoyi, kuma a hankali zan iya rage masa."

"A hankali kamar yaya?"

"Ban sani ba. Ni kaɗai ce, ba wanda zan tambaya."

Da gardama ta yi mini, da na ji sauƙi, don gardama na iya ta. Amma ta ɗauko abin gaba ɗaya ta ɗora a tafin hannuna. Kalma ɗaya, in ci gaba da jin ƙarar maɓallan nan kowace safiya har Allah ya karɓi raina. Na buɗe baki da niyyar Ja, Allah shi ne shaida. Sai na tuna mutumin Paki tsaye a rana da ganye a hannu, yana danna waya tana masa shiru. Wannan ma da na iya haɗiye shi, don mutumin Paki ya saba jira. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne fuskar nan ta kasuwar Maƙarfi, da yadda ta ɓoye ta don kar in gani. Na ga in na ce Ja, haka za ta yi ta ɓoye mini fuska a cikin gidana.

Na cire tabarau na goge, na mayar.

"Kwamiti ya zauna," na ce. "Ya duba gona, ya duba ofis, ya duba kasuwa, ya sha zagi a Kudan. Jan nan yaron kirki ne, yana da ladabi, ba ya gaggawa. Amma Kore ya ci. A ba shi gona."

Tsintsiyar bakin ƙofa ta tsaya. Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "Na gode, Baba." Na ce ba ni za ta gode wa ba, kwamiti ne, kuma kwamiti yana son shayi.

Bayan an kai amfanin gona gida ta tafi. Ni na raka ta tasha. Tayoyin motar duk na dube su, amma ban nemi a sake dubawa ba. Da aka rufe ƙofa na buga wa motar hannu, ya fi yadda na yi niyya ƙarfi, har yaron motar ya leƙo.

Yanzu Koren ya girma. Sun canza masa kama, sun ƙara masa abubuwa, yana wayoyin mutane daga nan har Kudan, kuma malamin gona ya ce abu ɗaya ne a kwamfutarsa da wayarsa, ba bambanci. A majalisa nakan ce ni na zaɓe shi, kuma wannan karon ba ƙari a maganata. Ɗakin kusa da zaure mun zuba buhunan masara a ciki. Farantin sola yana nan a kan kwano, yana cajin wayoyin maƙwabta.

Tana kira, ba ta yi sakaci ba. Amma muryar Legas daban ce. Kullum tana kan hanya, ana hon a bayanta, gaisuwar ma a taƙaice, kafin in gama tambayar gajiya ta ce za ta shiga taro. Ba laifinta ba ne, garin ne ba ya barin mutum ya ja numfashi.

Jan kuwa yana nan inda ta bar shi. Ba ya tura hoto yanzu, an daɗe da yanke masa hanya. Abu ɗaya ya rage masa. Da safe in na idar da salla na sha koko, kafin in ɗauki fartanya, sai in zauna a bakin ƙofar ɗakin masara in taɓa shi. Ya yi shirunsa. In sake dannawa da gangan. Sai ga ta, da dariyar da ta kuɓuce mata, da taɓaryar uwarta, da zakaran da muka yanka wa baƙi tun bara waccan. Duk gidana na wancan hantsin yana ciki.

Da sabuwar wayar ta iso na kira ta na ce a mayar mini da Jan cikinta. Ta ce, "Haba Baba, wannan ai na gwaji ne, na share shi tun da na canza kwamfuta. A wayarka kaɗai ya rage." Da ta gane abin da nake nufi sai ta ce in dai muryar ce, ai mai sauƙi ne. A ranar ta sake ɗauka ta turo, kalma a kan kalma. Na saurara sau ɗaya. Tsaf take, ba zakara, ba daka, kuma ba sai na tsokane ta take magana ba. Na ce mata ta yi kyau.

Kwanan baya ta ce wataƙila za ta iya ciro tsohuwar muryar daga cikin wayar, in ba direban tumatir ya kai mata. Na ce ina, wayar nan ba ta da lafiyar doguwar tafiya. Kwamiti ya sake zama, ya kuma yanke cewa aikin nan a Ikara za a yi shi, a kan teburin nan, mai aikin kuma ta zo da kanta. Na riga na sa an fara kwashe masarar. Ta tambaye ni aikin kwana nawa nake zaton zai ci. Na ce mata ni dai a sanina, irin wannan ba ya kasa damina guda.